CIWON HANTA NAU'IN B: Yadda Daɗaɗɗen Kumburi Ke Zama Tabo, Tabo Ya Zama Ciwon Daji

Darasinmu na wannan fitowa domin mata masu juna biyu ne, da mazajensu, da kakanni masu zaman jego, musamman jama'armu na ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe waɗanda ke yin doguwar tafiya kafin su iso Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a nan Sakkwato.

Akwai wani irin majinyaci da duk ma'aikacin asibitin koyarwa ya sani. Magidanci ne ɗan shekara talatin da wani abu ko arba'in, manomi ko ɗan kasuwa, bai taɓa kwanciya asibiti ba. A 'yan watannin nan ya fara rama, cikinsa ya cika da ruwa, idonsa ya yi ɗorawa, yana jin nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. An sha jiƙe-jiƙen shawara, an yi na sammu, an sayar da rago ko buhunan hatsi, sannan aka kawo shi. Idan aka yi hoton ciki sai a tarar hanta ta yi tauri ta tsuke, wani lokaci har da ƙari a cikinta. 'Yan'uwa sukan ce, "Likita, wata uku ke nan da fara ciwon." Gaskiya suka faɗa gwargwadon abin da idonsu ya gani. Amma sau da yawa ciwon ya fara ne tun ranar da aka haife shi, ko kuwa tun yana rarrafe. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka kawo maganar ga masu ciki.

Mene ne kumburi?

Idan ƙaya ta soki ƙafa, wurin yakan yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, ya yi raɗaɗi. Wannan ba shi ne cutar ba. Jiki ne ya buɗe hanyoyin jini domin fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, su isa wurin su kashe ƙwayoyin cuta su share dattin da ya shiga. Idan an cire ƙayar, cikin 'yan kwanaki sojojin su janye, fata ta haɗe. Irin wannan kumburi alheri ne.

Matsala tana zuwa ne idan abin da ya jawo kumburin ya ƙi fita. Sojojin jiki ba su janyewa, kuma makaman da suke amfani da su ba su bambanta maƙiyi da na gida. Yau a rusa, gobe a gyara, jibi a sake rusawa. Jiki kuwa idan ya matsu da gyara, ba ya iya mayar da ainihin tsokar da ta lalace, sai ya cike gurbin da wani zare mai tauri. Shi ne tabo. Ku dubi tabon ƙuna babba a jikin mutum: ba ya fitar da gashi, ba ya yin gumi, ba ya miƙewa kamar sauran fata. Ya toshe rami, amma ba ya aikin abin da ya maye gurbinsa.

Tsofaffi sun san gyambon da ya shekara goma ko ashirin a ƙwauri bai warke ba, wata rana bakinsa ya tashi ya yi tudu, ya riƙa zubar da jini da wari. Wannan gyambo ne ya rikiɗe ya zama ciwon daji na fata. Tun a shekarar 1863 wani likita Bajamushe mai suna Rudolf Virchow ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙarin daji, ya ce ciwon daji yakan tsiro ne a inda kumburi ya daɗe. Binciken da aka yi bayansa ya tabbatar da cewa ya hango gaskiya. Abin da ke faruwa a ƙwauri ido na gani, shi ne ke faruwa a hanta ba mai gani.

Abin da ke faruwa a cikin hanta

Duk macen da ta taɓa gyara kayan cikin rago ta san lafiyayyar hanta: laushi, santsi, launi ɗaya. Ta kuma san wadda ake yarwa, mai tauri da fararen jijiyoyi a ciki, wadda wuƙa ke ƙara idan ana yanka ta. Bambancin nan shi ne bambancin hanta mai lafiya da hantar da ta cika da tabo.

Hanta ita ce ke karɓar jinin da ya fito daga hanji ɗauke da abincin da aka ci. Tana tace guba, tana ajiye abinci, tana yin ruwan ɗaci, tana kuma haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji ciwo. Ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda a asibiti ake kira hafatayitis B, bairos ce da ke shiga cikin ƙwayoyin halittar hanta ta zauna tana hayayyafa. Abin mamaki, ita kanta ba ta cika kashe ƙwayoyin hantar ba. Sojojin jiki ne ke kashe su, a ƙoƙarinsu na kai wa ga baƙon da ya ɓuya a ciki. Hanta kuma gaɓa ce mai haƙuri, tana sake tsiro da sababbi. To, idan aka yi shekara ashirin ko talatin ana wannan kashewa da tsirowa, zaren tabo yakan ratsa hanta ko'ina, ya rarraba ta gutsi-gutsi, ta yi ƙuraje-ƙuraje ta ƙanƙance. A wannan mataki jinin da ke zuwa daga hanji ba ya samun hanyar wucewa sosai, sai ya taru baya kamar ruwan da aka datse. Daga nan ne ruwa ke cika ciki, saifa ta girma, jijiyoyin maƙoshi su kumbura har wata rana su fashe mutum ya yi aman jini.

Ciwon daji fa, ta ina yake shigowa? Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da wani rubutaccen tsari da ke gaya mata aikinta, da lokacin da za ta rabu biyu, da lokacin da za ta tsaya. Duk sanda za ta rabu, sai ta kwafe wannan rubutu gaba ɗaya. Mai kwafin littafi idan ya kwafa sau ɗaya a natse, da wuya ya yi kuskure. Amma a tilasta masa ya kwafa sau dubu, cikin gaggawa, ga hayaƙi na shiga idonsa, dole a sami tsallake da ɓatanci, kuma wanda ya kwafa daga nasa zai gaji kuskuren ya ƙara nasa. Haka hantar da ke cikin daɗaɗɗen kumburi take: ana tilasta mata yawan rabuwa, sinadaran da sojojin jiki ke fesawa suna lalata rubutun, ita kuma bairos ɗin takan cusa guntun nata rubutun a cikin na mutum. Ranar da kuskure ya faɗa kan umurnin tsayawa, ƙwaya ɗaya tak ta isa. Za ta yi ta rabuwa ba ji ba gani har ta zama ƙari. Saboda wannan cusawar ne nau'in B kan iya haifar da ciwon daji ko da hanta ba ta kai ga ƙanƙancewa ba.

Abin lura shi ne, duk tsawon shekarun nan mutum ba ya jin komai. Yana noma, yana aure, yana haihuwa. Hanta ba ta kuka sai ta kusa gazawa.

Me ya sa jariri ya fi shiga haɗari?

Nan ne zuciyar darasin. Idan baligi ya kamu da wannan cuta, galibi jikinsa yakan yi yaƙi da ita gaba ɗaya, ƙila ya yi shawara na 'yan makonni, sannan ya kore ta. Ƙasa da mutum 5 cikin 100 ne take zaunar wa. Jariri kuwa akasin haka ne. Garkuwar jikinsa ba ta ƙosa ba, sai ta ɗauki baƙon tamkar ɗan gida ta ƙyale shi. Kimanin jarirai 90 cikin 100 da suka kamu lokacin haihuwa, cutar takan zauna musu. A cikin waɗanda ta zaunar wa tun suna ƙanana, kusan 1 cikin 4 ƙanƙancewar hanta ko ciwon dajin hanta ne ke zama ajalinsu idan ba su sami kulawa ba.

Kuma cutar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar kusan miliyan 1.1 a shekarar. Wato a layin awon ciki na mata hamsin, ba abin mamaki ba ne a sami uku ko huɗu masu ita, kowacce tana jin kanta garau.

Jariri yakan ɗauka ne galibi a lokacin naƙuda da haihuwa, sa'ad da ya haɗu da jinin uwa da ruwan jikinta. Hanya ta biyu ita ce ƙarfe. Bairos ɗin nan yana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jinin da ido ma ba ya gani. Ku tuna abubuwan da ke taɓa jinin jariri a makon farko: rezar yankan cibi, askar wanzami ranar suna, ƙarfen cire belu, tsaga, hujin kunne, daga baya kuma kaciya. Ba muna cewa wanzami maƙiyi ba ne, aikinsa ya gada, kuma da yawa daga cikinsu yanzu sukan karɓi sabuwar reza idan an ba su. Maigida ya saya ya ajiye tun kafin haihuwa, a buɗe ta a gabansa. Cire belu kuwa, mu a asibiti ba mu ga amfaninsa ba, illarsa muke gani: zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Cin abinci a kwano ɗaya, musafaha, tari da atishawa ba su yaɗa ta. Shayar da nono ma ba a hana ba. Uwa mai nau'in B ta shayar da ɗanta nono zalla har wata shida kamar kowa, muddin an yi masa rigakafi.

Allurar ranar haihuwa

Akwai rigakafi, kuma an gwada shi an ga aikinsa. Ƙasar Taiwan, inda cutar ta yi katutu, ta fara yi wa jarirai allura a 1984. Yaran da ke ɗauke da cutar suka ragu daga kimanin 10 cikin 100 zuwa ƙasa da 1, ciwon dajin hanta a tsakanin yara kuma ya ragu da kusan rabi cikin shekarun farko. A nan Afirka ta Yamma, Gambiya ta fara nata shirin a 1986. Nijeriya ta sa allurar cikin jerin rigakafin yara a 2004, daga 2012 kuma aka haɗa ta cikin allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar da ake rubutawa Penta a kati, wadda ake yi a mako 6, da 10, da 14.

To amma Penta ba ta wadatar ba, domin mako shida ya yi nisa ga jaririn da ya haɗu da cutar ranar haihuwa. Shi ya sa akwai allura ta daban da ake yi a cinya cikin awa 24 na farko, kafin bairos ɗin ya kafu a hanta. Kyauta ce a asibitocin gwamnati. Kowane jariri ake yi wa, ko an san matsayin uwarsa ko ba a sani ba, har da bakwaini da ƙaramin jariri.

Mun san inda gizo ke saƙar. Galibin matan jiharmu a gida suke haihuwa, kuma al'ada ta ce mai jego ba ta fita, jariri ma ba a kai shi ko'ina sai an yi suna. Mai jego ta zauna ta huta, wannan daidai ne. Amma jariri ba sai da uwarsa zai je ba. Kaka ko gwaggo ta naɗe shi da kyau, uba ya ɗauke su a babur zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko babban asibitin Tambuwal, ko na Dogon Daji, ko na Kebbe, a yi allura a dawo kafin ruwan wankan yamma ya tafasa. A zuwa ɗaya za a iya yi masa ɗigon shan inna da allurar tarin fuka. Ga wanda ke zaune can wajen Kuchi ko cikin fadamar Sanyinna, inda damina kan yanke hanya, abin da ya fi shi ne a shirya haihuwa a asibiti tun da wuri, a matso kusa idan wata ya kama.

Idan gwaji ya nuna kina da ita

Gwajin na jini ne, ɗigo kaɗan, sakamako a ranar. Sunansa a takarda HBsAg. Kowace mai ciki ta nemi a yi mata a awon farko, ko da an yi mata a cikin da ya wuce.

Idan ya nuna akwai, kada hankali ya tashi. Ba hukuncin mutuwa ba ne, ba kuma shaidar wani abin kunya ba ce. Yawancin masu ita a ƙasarmu tun ƙuruciya suka samu, ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Muna faɗin haka ne domin mazaje da surukai, saboda akan sami matar da aka ware wa kwano, ko aka tura gidansu, kan abin da ƙila shi maigidan ma yana ɗauke da shi. Abin da ya dace shi ne maigida da abokan zama da yaran gida duka su yi gwaji. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi sau uku, shi ke nan ya tsira.

Ita kuma mai cikin za a ƙara mata gwaji domin a san yawan ƙwayoyin cutar a jininta da halin da hantarta ke ciki. Idan suna da yawa, likita zai ba ta maganin Tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, a watannin baya na cikin har ta haihu, domin a rage abin da jariri zai haɗu da shi. Kada ta daina shan sa da kanta, ko bayan haihuwa, sai likita ya ce, domin yankewa farat ɗaya kan tayar da kumburin hanta. Ba a yi wa mace tiyatar haihuwa don nau'in B kawai. Akwai kuma wata ƙarin allurar kariya da ake yi wa jaririn irin wannan uwa tare da ta ranar haihuwa. Ita sayen ta ake yi kuma tana da tsada, don haka a yi maganarta da likita tun ciki na ƙarami. Idan ba hali, allurar kyautar a kan lokacinta ita ce ginshiƙi. Idan yaro ya kai wata 9 zuwa shekara ɗaya a gwada shi a tabbatar ya kuɓuta.

Har yanzu babu maganin da ke fitar da nau'in B daga jiki kwata-kwata. Duk wanda ya tsaya da lasifika a kasuwa yana cewa kwalbarsa za ta wanke hanta cikin mako biyu, kuɗinku yake so, kuma wasu jiƙe-jiƙen su kansu suna ƙona hanta. Abin da maganin asibiti ke yi shi ne danne ƙwayar cutar har kumburi ya kwanta. Idan kumburi ya kwanta, hanta takan sami sararin gyara kanta. A wani bincike da aka buga a 2013, cikin mutum 96 da hantarsu ta riga ta ƙanƙance, 71 sun fita daga wannan mataki bayan shekara 5 suna shan Tenofovir. Ba kowane mai cutar ke buƙatar magani nan take ba, amma kowa na buƙatar a riƙa duba shi. Wanda likita ya ga yana cikin haɗari, akan yi masa hoton hanta duk wata shida, domin ƙaramin ƙari ne ake iya yi wa wani abu.

Mai ciki da idonta ya yi ɗorawa kuwa, ko mene ne dalili, asibiti za a kai ta a ranar.

Gyaɗa da masara masu fumfuna

Akwai abin da ke ƙara wa wannan wuta makamashi, kuma yana cikin rumbunmu. Gyaɗa da masara da ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su inda ke da laima, sukan yi fumfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin. An gano ta ne bayan da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Gubar kai tsaye take lalata rubutun nan na cikin ƙwayoyin hanta, kuma idan ta haɗu da nau'in B haɗarin ciwon daji yakan ninka sau da yawa fiye da na kowannensu shi kaɗai. Dafuwa ko suya ba su kashe ta.

Al'adarmu ita ce a kai mai kyau kasuwa, a bar tsintar, wato fasassu da motsattsu da masu ɗaci, a yi ƙuli-ƙuli ko kunun gyaɗa a gida. Kunun nan kuma mai jego da yaron da ake yaye ne suka fi sha. A juya abin. A shanya amfanin gona a kan tabarma ko leda har ya bushe ƙayau, a ɗora buhu a kan katako, a tsince mai baƙi ko kore a zubar.

Tsargiya

Ba hanta kaɗai ke bin wannan hanya ba. A garuruwan bakin gulbi da fadama, yaran da ke wanka da kamun kifi a tafki sukan yi fitsarin jini, har wasu na ɗaukarsa alamar balaga. Tsargiya ce. Ƙwan tsutsar yakan maƙale a bangon mafitsara, jiki ya kewaye shi da kumburi shekara da shekaru, bango ya yi tauri, hanyar fitsari ta toshe ta taɓa ƙoda, a wasu kuma ya zama ciwon dajin mafitsara. Maganinta Praziquantel ne, shi ne wanda akan raba a makarantu. Mai ciki da ta ga jini a fitsari ta faɗa a wurin awo, akwai lokacin da ake ba ta ba tare da illa ga ciki ba.

Kafin naƙuda ta zo

A awonki na gaba, tambayi malamar asibiti ko an yi miki gwajin hanta, kuma ta nuna miki inda aka rubuta. Tambaye ta kuma ko suna ajiye allurar ranar haihuwa a nan, da wanda za a nema idan haihuwa ta zo da dare ko ranar Asabar, domin wannan allura ba ta jiran ranar rigakafin mako. Idan ba su ajiyewa, ta faɗa miki asibitin da ke da firij mafi kusa. A gida kuma a tsayar da wanda zai ɗauki jariri, a ware kuɗin mai tun yanzu.

Idan awa 24 ta wuce ba a samu zuwa ba, kada a ce an makara a zauna. A tsarin Nijeriya ana yin ta har kwana 14 bayan haihuwa, sai dai ƙarfin kariyarta daga cutar uwa yana raguwa da kowace rana. Bayan an yi, a duba katin yaro a ga an rubuta kwanan wata a layin Hep B0, sannan a riƙe ranar komawa ta mako shida.